AMAI DA GUDAWA A HANYAR KURMI: ABIN DA YA KAMATA FALKE YA SANI



Kamar yadda kowa ya sani, da zarar damina ta kankama sai a fara jin gidajen rediyo suna sanarwa cewa amai da gudawa ya ɓulla a gari kaza, a yi hattara. Ma'aikacin gwamnati da manomi suna iya zama a gida su kula da randarsu har abin ya wuce. Mu kuwa abincinmu a kan hanya yake. Ranar Alhamis ana Maigatari, ranar Lahadi ana Mai'aduwa ko Illela, in an haɗa kaya kuma a yi lodi sai Ibadan ko Legas. Ruwan da muka tarar shi muke sha, abincin da muka tarar shi muke ci. Saboda haka muka ga ya dace mu keɓe wannan shafi mu yi bayanin cutar dalla-dalla, domin yawancin waɗanda take kashewa a cikinmu ba rashin kuɗin magani ke kashe su ba, jira ne ke kashe su, watau a ce bari dai a isa gida, ko bari a sauke kaya tukuna.

Kwalara, wadda likitoci ke nufi in sun ce annobar amai da gudawa, ba daɗaɗɗiyar cuta ba ce a wannan yanki namu. Guguwar da muke ciki har yanzu ta taso ne daga ƙasar Indonesiya a 1961, ta shigo Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini a 1970, kafin 1971 ta ƙare kuwa ta kai Nijar, Nijeriya, Cadi da Kamaru. Tun daga lokacin ba ta tafi ba, sai dai ta lafa ta sake tasowa. A 1991 ta kama mutane kusan 60,000 a Nijeriya kaɗai, fiye da 7,000 suka rasu. A 2010 ta kewaye Tabkin Cadi ta taɓa ƙasashen nan huɗu gaba ɗaya. A 2018 ta ɓulla a yankin Madarunfa cikin jihar Maraɗi, dab da iyaka, ta kama mutane fiye da 3,000. A 2021 an ƙidaya fiye da mutum 100,000 a Nijeriya da fiye da 5,000 a Nijar. A watan Yuni na 2024 kuma ta tashi a Legas ana gab da Babbar Salla, daidai lokacin da motocinmu suka fi yawa a can. Duk wanda ya dubi waɗannan wurare zai ga ai taswirar kasuwancinmu ce. Cutar ba ta tsayawa a duwan, ba ta biyan kuɗin fito.

To, tambayar farko ita ce, in an ji annoba ta sauka a gari, a je ko a fasa? Malamanmu sun sha gaya mana cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudun ta. Sun kuma ba mu labarin Sayyidina Umar, wanda ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta ɓarke can sai ya juya da jama'arsa. Ba wanda ya kira shi matsoraci. Saboda haka in tafiyar tana iya jira, a ɗaga ta mako biyu ko uku, ko a sauya kasuwa. Amma mu ma mun san akwai lokacin da ba ta jira. Kuɗin mutane ne a hannu, shanu suna cin dusa kullum a turke, farashi kuma ya yi kyau. Akwai kuma wanda yana can kara labarin zai riske shi. Don irin waɗannan ne muka rubuta sauran bayanin.

YADDA CUTAR TAKE

Ƙwayar kwalara ba ta bin iska, sauro ba ya ɗaukar ta, gaisawa da mai ita kawai ba ta sa a kamu. Shanu ma ba sa yin ta, don haka kada wani ya ɗora wa dabba laifi. Hanyarta guda ce: daga bayan gidan mutum zuwa bakin wani mutum, ta cikin ruwa, ko abinci, ko hannu. Magana ce marar daɗin ji, amma haka take. Ruwan sama ya kwaso ƙazantar bayan kara ya zuba a rijiya ko kududdufi, ɗan garuwa ya ɗebo, mai fura ta dama, falke ya sha.

Daga shan ruwan zuwa bayyanar ciwo, abin yana ɗaukar daga sa'a 12 har zuwa kwana 5. A lura da wannan da kyau, domin tirela daga Kano zuwa Legas kwana biyu ko uku take yi. Ke nan wanda ya sha ƙwayar a kasuwar da aka yi lodi, ciwon zai iya kama shi a Mokwa ko Jebba, cikin dare, a saman mota. Wanda ya sha ta a Legas kuma, sai ya iso gida lafiya lau sannan ta kayar da shi a tsakiyar iyalinsa. Wani abin kuma, yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu ba sa ma yin ciwo, ko su yi ƴar gudawa kaɗan ta wuce, amma suna zubar da ƙwayar a bayan gidansu har kusan kwana 10. Mai tuwon da ka gani garau, ba ka san abin da ke hannunta ba, ita ma ba ta sani ba.

In ta kama mutum sosai, alamarta ba ta ɓuya. Gudawa ce tsagwaron ruwa, fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, tana zuba ba ƙaƙƙautawa, sau da yawa ba murɗar ciki, ba zazzaɓi. Sai amai ya biyo. Wannan rashin zafin jiki da rashin ciwon ciki shi ke yaudarar mutane su ce ai ɓacin ciki ne, zai tsaya. Alhali cikin ƴan sa'o'i ƙaton namiji zai iya zubar da ruwa lita da yawa. Daga nan ido ya faɗa, murya ta dushe, fitsari ya ɗauke, ƙafafu su riƙa ɗaurewa, yatsu su yamutse kamar na wanda ya yini yana wanki.

Mu da muka san dabba bai kamata wannan ya zama baƙon abu gare mu ba. In maraƙi yana zawo, wane ne a cikinmu bai san ya ja fatar wuyansa ya ga ko za ta koma da sauri ba? Wane ne bai san faɗawar idon saniya ba? To, haka ake gwada mutum: a tsunkuli fatar cikinsa a saki. In ta tsaya a tattare ba ta koma nan take ba, ruwan jikinsa ya yi nisa da ƙarewa. Ƙarewar ruwan nan ita ce ajalin mai kwalara. In ba a yi kome ba, a cikin masu tsananin ciwon ana iya rasa rubu'i har zuwa rabi. In kuwa an mayar masa da ruwan da yake zubarwa da wuri, ko mutum ɗaya cikin ɗari ba a rasawa.

RUWAN SHA

A 1995 zuwa 1996 kwalara ta ɓarke a birnin Kano. Masu binciken da suka bi diddigin waɗanda suka kamu sun gano abu biyu da suka fi yawa a tare da su: shan ruwan da ake tallarsa a titi, da cin abinci ba a wanke hannu da sabulu ba. Duka biyun kuwa halin matafiyi ne.

Abin da muke ba da shawara shi ne kowace mota ta tashi da ruwanta. Jarka biyu ko uku masu murfi, waɗanda ake tsiyayar ruwa daga bakinsu, sun fi buɗaɗɗen duro da kowa ke tsoma moɗa da hannu a ciki. In ruwan ya ƙare a hanya aka saya, ko na famfo ne ko na rijiya, a gyara shi kafin a sha. Hanya mafi tabbaci ita ce tafasawa: ya tafaso sosai yana ɓulɓula, a bar shi minti ɗaya cur. Ba ma rabo da gawayi da tukunyar shayi, saboda haka wannan ba wahala ba ce. Hanya ta biyu ita ce ƙwayar gyaran ruwa irin su Aquatabs, wadda ake samu a kantin magani, a lokacin annoba ma ma'aikatan lafiya sukan raba ta. Girman ƙwayoyin ya bambanta, wata ta lita ɗaya ce, wata ta jarka mai lita 20, don haka a tambayi mai kantin. A jefa, a girgiza, a jira minti 30. Wanda ya jefa ya kafa kai nan take bai yi kome ba. In ruwan ya gurɓace da laka, a tace shi da tsumma mai tsabta a bar shi ya kwanta tukuna, domin maganin ba ya aiki sosai a cikin ruwa mai dauɗa.

Wasu suna ƙin ruwan saboda ɗan warin maganin. Ai warin nan shi ne shaidar ya yi aiki. Wasu kuma suna jefa alimun su ga ruwa ya yi garai-garai sai hankalinsu ya kwanta. Alimun yana kwantar da laka ne kawai, bai isa a dogara da shi ba wajen kashe ƙwayar. Haka ruwan leda: akwai na kirki, akwai wanda aka ɗura a bayan gidan wani. Wanda aka ƙulle da hannu dai a lokacin annoba a bar shi kwata-kwata. Ƙanƙara kuwa ba ta kashe ƙwayar. Zoɓo, kunun aya, lamurje da duk wani abin sha mai sanyi da ake tallarsa a tasha, ruwansa da ƙanƙararsa ba ka san asalinsu ba. Shayi mai zafi shi ne abokin tafiya.

Akwai wata kafa da mutane da yawa ba sa tunawa da ita, watau alwala. Mutum ya kiyaye ruwan shansa sarai, sai lokacin salla ya ari butar tasha, wadda yanzu wani ya fito da ita daga salga, ya cika ta a kwatami, ya kurkure baki sau uku. Ko ya jiƙa asuwaki da shi. Kowa ya riƙe butarsa, kuma ruwan da za a sa a baki ya zama daga jarkar da aka gyara.

Abinci kuma ƙa'idarsa gajeriya ce: a ci shi da zafinsa, daga wuta. Tsire da balangu da aka ɗauko daga kan garwashi ba laifi, wanda ya yini a faranti ƙuda na bi a mayar da shi wuta. Shinkafa da wake da ta huce tun safe, tuwon da ya kwana ba a ɗumama shi sosai ba, kunu da koko da suka yi sanyi, waɗannan wuraren hayayyafar ƙwayar ne. A annobar da aka yi a ƙasar Mali a 1984 an gano kunun gero da ya kwana yana cikin abubuwan da suka yaɗa cutar. Salak, tumatir da albasa ɗanye da ake barbaɗawa a kan abinci, da kwaɗon da aka haɗa da hannu, a haƙura da su sai an dawo. Ayaba da lemo da za ka ɓare da kanka ba kome. Mun san maganar fura ita ce mai wuya, don falke ba fura sai a hankali. Gaskiya ne tsamin nono yana rage ƙarfin ƙwayar, amma ruwan da aka ƙara, da ƙanƙarar, da ruwan da aka ɗauraye ƙwarya da ludayi a ciki tun safe fa? In ba za a iya haƙuri ba, a sayi ƙwallon furar da nonon a dama da ruwan mota.

Sai wanke hannu. Al'adar nan ta kawo kwano guda na ruwa mutum goma su tsoma hannu bi da bi, na ƙarshe ai dauɗar mutum tara ya wanke da ita. A zuba wa juna daga buta, da sabulu, kafin cin abinci da bayan an kewaya. In ba sabulu, toka ta fi babu.

IN TA KAMA MUTUM A HANYA

Nan ne zancen yake. Maganin kwalara na farko ba allura ba ce, ba kafso ba ne, ruwan gishiri da sukari ne. Fakitinsa a asibitocin Nijar, Cadi da Kamaru ana kiran sa SRO, a Nijeriya da Gana kuma ORS, abu ɗaya ne, kuma kuɗinsa bai kai na goron yini ba. Yawanci fakiti ɗaya na lita ɗaya ne, amma a duba jikinsa. Ledar ruwa galibi rabin lita ce, ke nan biyu sun yi lita. Kowace mota ta riƙe aƙalla fakiti 20 a wurin da ba zai jiƙe ba, kuma yara su san inda yake, ba a kulle cikin jakar Alhaji ba.

In babu fakitin, a haɗa da kai: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Yawan gishiri yana da haɗari, yawan sukari kuma ƙara gudawar yake yi, shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa ko da an barbaɗa masa gishiri. Dalilin haɗa su biyun shi ne, ko a tsakiyar ciwon, hanji yana iya tsotse gishiri in dai akwai sukari tare da shi, ruwa kuma sai ya bi gishirin ya koma cikin jini. Wannan ɗan haɗin da wasu ke rainawa an gwada shi a wuri mai tsanani. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta faɗa wa sansanin ƴan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari da kofi, sai mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

A fara ba shi tun gudawar farko, kada a jira a tabbatar kwalara ce. In ba ita ba ce, ba a yi asarar kome ba. Babban mutum ya sha iyakar abin da zai iya, aƙalla kofi ɗaya ko biyu bayan kowace fita, kuma a rana ta farko yana iya bukatar har lita 6. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan, kurɓi bayan kurɓi. Abin da aka haɗa in ya kai kwana ɗaya a zubar a sake sabo. Idan ma ba a sami tafasasshen ruwa ba a wannan lokaci, a haɗa da mafi tsabtar da ke hannu, domin ƙishirwar ta fi kusa da kashe shi.

Muna roƙon ƴan uwa su bar maganar nan ta cewa kada a ba mai gudawa ruwa don kada ta ƙaru. Wannan magana ta binne mutane da yawa. Ko an ba shi ko ba a ba shi ba gudawar za ta zuba, bambancin kawai wanda aka ba yana da abin zubarwa, wanda aka hana kuwa jininsa ne ke kafewa. Haka kafso ja da rawaya na masu tallar magani a faranti, da ƙwayoyin tsayar da gudawa, da jiƙe-jiƙen bagaruwa. Ba ɗayansu da ke mayar da ruwan da ya fita, sai dai su cinye sa'o'in da ya kamata a yi amfani da su. Akwai maganin kashe ƙwayar da ake ba masu tsananin ciwon, yana rage kwanakin gudawar, amma likita ne ke zaɓar sa, kuma bayan ruwa yake zuwa.

Ana ba shi ruwan ana neman asibiti mafi kusa. Mafi kusa muka ce, ba na garinku ba. Idan kuwa ya kasa sha, ko duk abin da ya sha yana dawowa, ko ya fara fita hayyacinsa, ko fatar cikinsa ta ƙi komawa, to ƙarin ruwa ta jijiya kaɗai zai cece shi, kuma maganar sa'a ɗaya ko biyu ake yi. A lokacin annoba hukumomi sukan buɗe wurin jinya na musamman, galibi kyauta. Tambayar mutanen gari ko jami'an da ke kan hanya za ta kai ku.

Mun san abin da ke hana tsayawa. Tirela cike da shanu ba ta son tsayuwa, kowace sa'a a rana dabba tana ramewa, wata ta faɗi a tattake ta, direba yana gunaguni, kasuwar gobe tana wucewa. A irin wannan hali ne ake kwantar da yaro a kan katako a ce ka daure, saura kaɗan. To amma ai ba a ce motar ta kwana ba. Abin da ake bukata shi ne a sauke marar lafiya da mutum ɗaya da zai zauna da shi, da kuɗin da zai ishe su, mota ta wuce. Wannan kuwa tun wurin lodi ya kamata a yanke shi: in wani ya kwanta, wane ne zai sauka da shi, kuma kuɗin yana hannun wa. In ba a yanke tun farko ba, a tsakiyar dare kowa sai ya dubi ɗan uwansa. Muna kira musamman ga manyanmu masu kaya, waɗanda sau da yawa sukan riga su tafi a ƙaramar mota su jira a can. Yaran nan da ke saman tirela suna tayar da shanu dare da rana amana ce a wuyanku. Wanda ya iya sayen allurar ciwon huhu ga bijimi, bai kamata jarkar ruwa da fakitin gishiri da sukari su gagare shi ba.

Mai jinya shi ma ya kula da kansa. Amai da bayan gidan marar lafiya cike suke da ƙwayar. A tara su a bokiti ko leda, a zuba a salga ko a haƙa rami nesa da ruwa a binne, kada a watsar a bakin gulbi ko kwalbati. Tufafi da tabarmar da suka ɓaci a jiƙa su da ruwan Javel ko a tafasa su, a shanya a rana, kada a kai su rafi. A wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa.

Idan kuma ta Allah ta kasance, Allah Ya kiyaye, a san cewa gawar mai kwalara tana ci gaba da fitar da ruwa mai ƙwayar. Ɗaukar ta a mota zuwa gida ɗaukar annoba ne zuwa gida. A sanar da ma'aikatan lafiya, suna da maganin da ake wanka da shi da safar hannu, a yi masa sutura a garin da ya cika, fatoma da jama'ar zango su sallace shi. Waɗanda suka yi wankan kada su taɓa abincin jama'a a wannan rana. An sha ganin zaman makoki guda ya zama mafarin ciwon a ƙauye.

Ga wanda ya dawo lafiya daga garin da ake annoba, kwana 5 na farko ya sa ido a kan cikinsa. Ya yi amfani da salga, ya wanke hannu da sabulu, kada ya tsoma hannu a randar gida. In gudawa ta zo, a fara ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti, kuma a gaya wa likita daga inda ya fito. Ɓoyewa don kada a ce wane ne ya kawo ciwo gari ba ta kare kowa, ƴaƴansa ne za su fara kamuwa.

Akwai rigakafin kwalara na sha, wanda ake rabawa unguwa-unguwa in annoba ta tashi. In kun tarar ana yi a kara ko a zango ku karɓa, ba a tambayar ɗan wace ƙasa ne. Sai dai yakan ɗauki kamar mako guda ko fiye kafin ya fara aiki, kuma ba ya kare mutum ɗari bisa ɗari, don haka ba ya ɗauke wa kowa tafasa ruwa.

RANI MA DA NASA

Kada a ce da damina ta wuce shi ke nan. Daga hunturu zuwa bazara lokacin sanƙarau ne, kuma shi ta numfashi yake bi. Dattawanmu ba su manta da 1996 ba, lokacin da ya ratsa ƙasashen nan ya kama mutane kimanin 250,000 ya kashe kimanin 25,000 kafin 1997 ta ƙare. A 2015 ya sake tashi a Yamai har aka rufe makarantu. Ƙura da busasshiyar iska suna fasa cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso kuma ya ƙarasa aikin. Ɗakin fatoma da mutum ashirin ke kwana a ciki an rufe taga, shi ne inda ya fi so. A buɗe tagogi, a rage yawa, a rufe hanci da rawani in ana cikin ƙurar garke. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, wannan ba na jira ba ne kuma ba shi da maganin gida, allurar asibiti yake so a ranar. Rigakafinsa allura ce, tun 2024 ma an fara amfani da sabuwa mai kare iri biyar na ƙwayar. Tana bukatar kamar kwana 10 kafin ta kama jiki, saboda haka a yi ta tun kafin ranar lodi, a ajiye katin tare da na shawara a cikin takardun tafiya.